Layi na Bakwai

"Kawu, don Allah ka maido kujerar nan! Baba ba ya iya numfashi a kwance!"

Mai kujeru bai ɗago daga kan aikinsa ba. 'Yar maƙwabcinsa ce a bakin shago, ko takalmi babu a ƙafarta.

Wata uku ke nan babanta, tsohon direba, ba ya kwanciya. Da ya miƙe a gado sai ƙirji ya toshe, don haka a kujera yake wuni, a kujera yake barci. Bayanta ɗinkin layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa, kowane layi an cusa masa soso. Soson ya mutu, katako ya fara cin bayan tsoho. Da safe mai kujeru ya ɗauke ta, ya yi alkawarin awa biyu.

"Kai da awa biyunka," in ji tsohon, yana haki yana dariya. "In na riga ta tafiya, sai ka biyo ni da ita."

Ga shi rana ta take. Layi takwas ne, ya cika su tun ɗazu. Amma na bakwai ya karkace da faɗin yatsa, abin da babu idon da zai gani sai nasa. Shekara talatin bai taɓa fitar da karkataccen layi daga shagonsa ba, sai ya farke ɗinkin. A faɗi gaskiya, ba don amfanin tsohon ya farke shi ba. Tsoron a raina aikinsa ne.

"Minti goma, 'yata. Ku tokare shi da matashi."

"Mun tokare, zamewa yake yi! Kawu, leɓensa ya yi baƙi!"

Ta ruga gida. Ya ɗora yadi a keken ɗinki, zare ya tsinke. Sau uku yana neman kafar allura, idonsa ya ƙi gani. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya bar layin a buɗe, ya kinkimi kujerar a ka, yana gudu yana kiran sunan Allah.

A bakin ƙofa ya ji kukan. Ba irin na neman taimako ba ne.

Ya sauke kujerar a tsakar gida, ya tsaya a gefenta. Mutane suka yi ta shiga suna fita. Can ƙanin mamacin ya fito daga ɗaki, ya laluba ya zauna a kan kujerar.

"Sannu da aiki, malam," ya ce a hankali. "Akwai taushi."

Ya jingina bayansa, ya rufe ido.