Ka Karanta Mini da Bakinka

Tun da idanun Baba Ebenezer suka dushe, karatun labarai ya koma wuyan surukarsa Magdalene. Kowace safiya, kafin ta tafi shagon ɗinkinta a unguwar Rikoto cikin garin Zuru, sai ta ja 'yar kujera zuwa gindin mangwaron tsakar gida, inda tsohon yake zama da sandarsa a kan cinya, ta buɗe waya ta karanta masa abin da duniya ta kwana da shi. Tsohon saje ne, a aikin soja ya yi furfura. Ɗansa Japhet, mijin Magdalene, shi ma soja ne, an tura shi can arewa maso gabas. Saboda haka Baba bai damu da siyasa ba, balle ƙwallo. Labarin sojoji kawai yake son ji.

Shafin da suke karantawa sunansa Muryar Tudu. Mai shi Haggai ne, ɗan unguwarsu, wanda Magdalene ta sha goyawa yana jariri a bayan coci. Da yake kusan kowane gida a Zuru yana da mutum a cikin kaki, Haggai yakan ji abu kafin gidan rediyo ya ji, kuma ba ya rubuta jita-jita. Aibinsa ɗaya, tallace-tallace. Sun cika shafin kamar ƙuda a mahauta, wannan na walƙiya, wancan na bin yatsa duk inda ya je.

Magdalene ta daɗe tana haƙuri da su, har ranar da aka kure ta. Tana tsakiyar karanta wa Baba labarin sauyin wuraren aiki, sai muryar wata mace ta fashe daga cikin wayar tana tallar maganin ƙarfin maza, tana kiran komai da sunansa, ba sakayawa. Magdalene ta danna nan, ta danna can, muryar sai ƙara tashi take yi. A ƙarshe ta cusa wayar a ƙarƙashin zaninta ta danne da cinya. Baba ya ƙirƙiri tari, ya ce a ba shi ruwa. Ranar ba ta sake yarda sun haɗu ba, ko abincinsa sai ta ajiye ta juya da sauri.

Da yamma ta kai wayar wurin Khairat, 'yar Birnin Kebbi mai shagon wayoyi a bakin kasuwa.

"Mi ya faru, Maman Divine? Na gan ki awa wadda anka kora," in ji Khairat, tana kiran ta da sunan da aka saba kiran ta da shi.

Magdalene ta faɗa mata ƙasa-ƙasa. Khairat ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta karɓi wayar ta saka mata matoshin talla, ta nuna mata inda ake kunnawa da inda ake kashewa. Tun daga nan shafin ya zama wasai, rubutu da hoto kawai, data ma ta daina ƙarewa da wuri. Damina ta wuce, aka girbe dawa, suna karatunsu lafiya lau.

Wata safiya Magdalene tana ɗibar ruwa a famfon unguwa ta ji ana ƙus-ƙus cewa an kai hari wani sansani. Ta kira Japhet, wayarsa a kashe. Ta sake kira, haka. Ta bar bokitin a layi ta koma gida, ta tarar Baba ya riga ya zauna, kansa a karkace, alamar shi ma ya ji.

Ta buɗe Muryar Tudu. Kanun labarin ya fito ɓaro-ɓaro: an kai hari sansanin sojoji, akwai 'yan Zuru cikin waɗanda abin ya shafa. Ƙasa da shi kuwa rubutun ya yi dishi-dishi, ba ya karantuwa, kuma wani farin akwati ya zauna a kai. An rubuta a ciki: "Mun ga kuna amfani da matoshin talla. Ku kashe shi kafin ku ci gaba da karatu."

"Karanta mana, ɗiyata," in ji Baba.

"Sun rufe, Baba."

"Wa ya rufe?"

"Haggai. Wai sai na buɗe wa tallan nan hanya kafin ya bari in gani."

Ta san inda ake kashewa. Yatsanta har ya kai wurin. Sai ta tuna muryar matar nan, ta ga kanta tana karanta sunan mijinta cikin matattu alhali ana mata wannan talla a kunne, a gaban uban da ya haife shi. Tsoron da ke cikinta bai tafi ba, amma wani abu mai zafi ya hau kansa ya zauna. Wato an kama labarin ran mijinta an riƙe a hannu, ana jira ta miƙa wuya.

"Ba zan kashe ba, Baba," ta ce. "Wurinsa zan je. Ai yana da baki."

Tsohon ya laluba gefen kujerarsa. "Miƙo mini takalmina."

Kabu-kabu biyu suka hau. Ofishin Haggai wani ɗaki ne a bayan shagon buga takardu kusa da tasha, janareto na ƙugi a ƙofa. Suka tarar da shi a gaban kwamfuta, idanunsa sun yi ja, waya manne a kunne. Da ya ga Baba sai ya katse kiran ya miƙe, ya rusuna.

"Baba Saje, da kanka? Anti, ina kwana?"

Magdalene ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ajiye wayarta a kan teburinsa, akwatin nan na nan a fuskarta.

"Ka karanta mini da bakinka."

Haggai ya dubi wayar, ya sosa ƙeya. "Anti, ai abu ne mai sauƙi. Ki danna nan kawai, shi ke nan."

"Na san inda ake dannawa. Ba zan danna ba. Abin da ka rufe za ka karanta mini."

"Anti, ki fahimce ni. Wannan tallan shi ke riƙe da shafin. Man janareto, kiran waya, zuwa Dirin Daji da dawowa, duk daga nan ne. Mutane sun toshe talla suna karatu a ɓagas, ni kuma..."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Karanta, yaro."

Haggai ya zauna. Ya juya ga kwamfutarsa ya fara karantawa, muryarsa ƙasa. An kai harin ne da magariba, sojoji sun mayar da martani sun riƙe sansanin. An rasa Kofur Aaron, ɗan Dabai. Cikin waɗanda suka ji rauni akwai Japhet Ebenezer, harsashi ya same shi a damtse, yana asibitin soja, kuma wanda ya gan shi ya ce yana magana.

Magdalene ta samu benci ta zauna. Ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Baba bai motsa ba, sai dai leɓunansa da ke addu'a cikin yarensu. Haggai ya ce ya so ya kira ta tun da safe, amma yana jiran ƙarin tabbaci.

Da numfashinta ya daidaita, sai Sandra ta faɗo mata a rai, matar Aaron, wadda suke zumuntar mata tare, mai sabon goyo.

"An gaya wa Sandra?"

"An gaya musu tun jiya. Da ba haka ba da ban saka sunansa ba."

"To za ta buɗe shafin nan ta ga hoton mijinta. Me za ta gani?"

Haggai ya juyo mata da kwamfutar. Ga Aaron nan cikin kaki, hula a karkace, yana murmushi. Shafin tsaf, ba abin da ke motsi. Magdalene ta ƙura masa ido, ta duba sama ta duba ƙasa.

"Ina tallan?"

"Wane?"

"Wanda ke riƙe da shafin. Ban ga ko ɗaya a taka ba."

Haggai ya kau da kai. Ya ce shi aiki yake yi da kwamfutar, tallan na sa ta nauyi, dole ya toshe.

Magdalene ta miƙe. "To kashe naka matoshin. Mu gani tare."

Mutanen da suka zo buga takardu sun riga sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Haggai ya dube su, ya dubi Baba, ya kashe. Shafin ya sake buɗewa a hankali. Da fari wani jan ƙyalle ya sauko daga sama. Sannan tallar caca ta faɗo daidai kan hoton, ta rufe fuskar Aaron, hularsa kawai ake gani, tana walƙiya tana kiɗa, wani namiji na ihu cewa yau ranar sa'arka ce.

"Mene ne wannan?" in ji Baba. "Biki ake yi?"

Haggai ya yi ta neman inda zai danna ya rufe, ya danna ba daidai ba, wani shafin ya buɗe. A ƙarshe ya rage muryar gaba ɗaya.

"Ba ni nake zaɓar su ba, Baba. Kamfanin tallan ne ke turo abin da ya ga dama."

"Sunan wa ke saman shafin?"

"Nawa ne."

"To."

Nan take Haggai ya cire tallan da akwatin daga kan wannan labarin. Amma da Magdalene ta ce ya cire daga ko'ina, sai ya tubure. Ya ce ba zai kashe sana'arsa ba, shi ma yana da iyali, kuma ita ba ta ɗinka wa kowa riga kyauta.

"Gaskiya ne," ta ce. "Amma ban taɓa cewa mace ta tsaya a zage ta kafin in ba ta rigarta ba. Shafinka ne, ka rufe. Wayata ce, ba zan buɗe ba."

Ta ɗauki wayarta, ta kama hannun Baba suka fita.

Daga ranar ta daina shiga Muryar Tudu. Ba abu ne mai sauƙi ba. Rediyo ba ya faɗin sunaye, sauran shafuka ba su san Zuru ba, kuma Baba yakan zauna a gindin mangwaro kamar kullum, ta san yana kewa. Wata rana ta tambaye shi ko ta haƙura. Ya ce idan ta haƙura, to ta nemi wanda za ta riƙa karantawa, ba shi ba.

An binne Aaron a Dabai. Bayan an tashi, matan zumunta suna wanke tukwane a bayan gida, Magdalene ta ba su labarin abin da ta gani a kan hoton. Ashe kowace na da nata: wata ɗanta ya fara caca ta irin wannan hanyar, wata an nuna mata hoton tsiraici a gaban 'ya'yanta. Cikin makon shagon Khairat ya cika da mata masu anko, kowa da wayarta a hannu. Suka kuma daina tura labaran Haggai a zaurukansu na waya, wanda ta nan ne rabin garin ke sanin ya rubuta wani abu.

Ba a daɗe ba sai ga Haggai a gidan, ransa a ɓace. Ya gaida Baba, ya ƙi zama.

"Anti, kin haɗa ni da matan gari."

"Ban haɗa ka da kowa ba. Abin da na gani na faɗa."

"To me kike so in ci?"

"Ban sani ba, Haggai. Aikinka ne. Ni dai abin da ba zan yi ba na sani."

Sun daɗe suna ja-in-ja, shi a tsaye, ita tana tsinke zare a bakin wata riga. Bai fita da murmushi ba, kuma ba ta raka shi ƙofa ba. Amma bayan haka ya raba shafin gida biyu. Labarin sojoji da na rasuwa ya bar su a buɗe, ba akwati, ba tallan kamfani. A madadinsu ya riƙa bin shaguna da ƙafarsa yana karɓo talla irin ta gida: mai irin shuka a Dirin Daji, wata makarantar koyon tuƙi, shagon Khairat. Hoto ne da rubutu, ba sa motsi, ba sa magana. Ya ce kuɗin bai kai abin da yake samu a da ba, kuma bai daina faɗa ba duk inda ya zauna. Siyasa da ƙwallo kuwa ya bar su a rufe yadda suke.

Kafin Kirsimeti aka ba Japhet hutun jinya. Ya dawo da hannu a rataye a wuya, ya rame, amma bakinsa na nan. Washegari shi da Magdalene suka je Dabai gaida Sandra, ya kai mata agogon Aaron, ya zauna a ƙasa a gabanta ya faɗa mata yadda abin ya faru, bai ɓoye komai ba. Sannan suka dawo gida.

Da la'asar Japhet yana kishingiɗe a kan tabarma, ya ari wayar Magdalene don ya duba sakamakon wasa, tasa ta fashe a harin. Can sai ya ɗago kai.

"Maman Divine, wani akwati ya tare ni. Wai in kashe wani abu. Ina ake kashewa?"

"Ba a kashewa."

"Ƙwallo fa kawai zan duba."

"In ka sayi taka, ka kashe abin da ka ga dama."

Ya dubi ubansa yana neman agaji. Baba ya gyara zama ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da matarsa. Magdalene ta miƙa hannu, Japhet ya ba ta wayar, ta saka ta a aljihun siket ta shiga ɗora tuwo.