Zoben Waltraud

Shagona na soyayyen dankali yana daidai mahaɗar titin da ke shiga tsakiyar birnin Kassel na ƙasar Jamus, don haka duk ranar da yaran nan masu zanga-zangar ɗumamar yanayi, masu riga ruwan lemo, suka zo suka manne tafin hannunsu a kwalta da gam, ni ce ta farko a shan kallo. Ba na son abin da suke yi, kuma na sha faɗa musu ido da ido. Amma ba zan yi ƙarya ba, ciniki yakan buɗe. Mutum in ya maƙale a mota ya gaji da zagi, yunwa ce ke biyo baya.

Abin ya daina ba ni dariya ne lokacin da matar yayana, Waltraud, ta shiga cikinsu. Tun shekarar da ambaliya ta tafi da gidan ƙanwarta ta canja. Ta je taya su kwashe laka, ta dawo ba ta da zance sai na ɗumamar yanayi. Mace da jikoki, ga ciwon baya, ta koma zuwa taro da sa'o'in jikokinta.

Shi kuwa yayana Ekkehard direban bas ne har ya yi ritaya, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin a sa mutum ya makara. A wurinsa wanda ya tare titi ya tare numfashin jama'a. Kullum sai ya lissafa mata masu zuwa asibiti, da masu jarrabawa, da wanda za a kora daga aiki. Ita kuma ta ce masa ruwan da ya ci gidan ƙanwarta bai tsaya a danja ba. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare ban taɓa jin kansu ba, sai ga shi da tsufa suna karin kumallo kowa na kallon bango. Ran nan a gabana ya buga tebur ya ce mata duk ranar da ta manna hannunta a titi, to ta zaɓa ke nan, ko shi ko kwalta. Na san yayana, baki ne kawai.

Ranar da abin ya faru ina cikin fere dankali na ji hon ya kaure. Na leƙo, sai ga su a jere a kan layin tsallaka titi, ga Waltraud a tsakiya da hular sanyinta mai tuntu, ta shimfiɗa hannun dama a ƙasa. Har ɗan matashin kujera ta zo da shi saboda bayanta.

Jama'a kowa da irin nasa. Wani mai tasi ya fito yana rantsuwa sai ya ja su da ƙafa, da ya iso kan Waltraud sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, “Haba Baba, ke ma?” Wata mata mai kai yara makaranta tana kuka saboda takaici, kuma wallahi na ji tausayinta. Wani dattijo mai keke ya tsaya yana tafa musu, aka ce masa ai dole ya tafa tunda shi ya samu hanya. Wani ƙato ya sayi dankalina har sau biyu, baki cike yana faɗin a kulle su duka. 'Yan sanda suka iso da kayan aikinsu na kullum, jarkar man girki da burushi, suka durƙusa daga gefen hagu suna shafa mai a ƙarƙashin yatsun yaro na farko don gam ɗin ya saki.

Ana haka na hango Ekkehard yana ratsowa tsakanin motoci a ƙafa. Mutumin da ko shara ba ya fitarwa sai ya taje gashi, ga shi da silifas na ɗaki, maɓallin riga a karkace. Na gyara tsayuwa ina jiran masifa, amma da ya iso sai ya dafa kantar shagona ya buɗe tafin hannunsa. Zoben auren Waltraud ne.

Ya ce a kan teburin kicin ya same shi. Tun ranar da ya sa mata shi a coci ba ta taɓa cirewa ba, ko kwaɓin burodi take yi, ko a gadon asibiti. Ya dube ni ya ce, “Roswitha, ta zaɓa. Ni na ce ta zaɓa, ga shi ta zaɓa.”

Na so in ce masa ai kai ka jawo da bakinka, amma ban taɓa ganin yayana ya tsufa a gabana kamar wannan safiyar ba. Na ce, “Yaya, ni kake faɗa wa? Ga ta can, kuma yau dai ba inda za ta iya guje maka.” Na ɗauko kwalbar man suyata sabuwa na danƙa masa, don na ga jarkar 'yan sandan ta kusa ƙarewa. Na bar shagon a buɗe na bi bayansa.

Da jama'a suka ga tsoho ya nufi masu zaman da kwalba a hannu, fuska a murtuke, sai suka ɗauka gwarzonsu ne ya iso. Aka hau shewa, ƙaton nan yana cewa a juye musu a ka. Wata 'yar sanda ta tare shi. Ya ce matarsa ce waccan. Ta dube shi, ta dubi silifas ɗinsa, ta dubi kwalbar, ta ce ya bi a hankali kar ya ɗaye mata fata, ta kauce.

Durƙusawa ma sai da ta zame masa aiki saboda gwiwa. Waltraud ta ɗago ta gan shi, abin da ta fara tambaya shi ne ko ya sha maganin hawan jininsa. Ya nuna mata zoben.

“Kin bar ni ke nan, Traudel?” ya tambaye ta da sunan da yake kiranta a gida.

Ta yi sakato tana kallonsa. Can sai ta gane, idonta ya kawo ruwa, ga dariya tana neman ƙwace mata.

“Kai dai tsohon nan ba ka da dama. Kowa sai ya cire zobe kafin ya shafa gam, in ba haka ba ya kama, 'yan sanda su datse shi da filaya. Ni zan bari a datse min zobena? Na ajiye shi kusa da maganinka ne don nan kaɗai na san idonka zai kai.”

“Ba ki iya faɗa min ba?”

“Da wane bakin? Rabonka da yi min magana tun yaushe?”

Ya buɗe kwalbar ya tsiyaya mai a gefen hannunta, ya shiga cusa shi da ɗan yatsa a ƙarƙashin nata, ɗaya bayan ɗaya, yana hura mata kamar mai lallashin yaron da ya ƙone. Masu shewa suka yi tsit. Mai tasin nan da ya gane inda aka dosa ya ce shi dai yau ya ga ta kansa, an tare masa hanya kuma an sa shi kallon soyayya kyauta. Ni kuwa na juya baya ina goge ido da gefen rigar aikina, ina jin haushin kaina.

Wani direban bas a baya ya ɗora hannu a kan hon ya ƙi ɗagawa. Ekkehard, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zagin masu ɓata wa bas lokaci, ya waiga ya daka masa tsawa ya ce in yana sauri ya sauko ya taya shi. Waltraud ta ce a rubuta ranar nan. Ya ce mata kar ta kuskura ta ɗauka ya sauya ra'ayi, har gobe haukar banza ce, kuma matar can mai yara tana da gaskiya. Waltraud ta ce ta san tana da gaskiya, shi ya sa abin yake mata ciwo.

Da hannun ya saki, tafin ya yi jawur, duk tsakuwa da busasshen gam. Yatsan ya ɗan kumbura, amma da yake ya sha mai, zoben ya shige ba gardama. 'Yar sandan ta matso ta ce dole Waltraud ta bi su ofis a ɗauki bayaninta. Ta kama ta ta miƙar, ni kuma na kama yayana, don shi ne ma ya kasa tashi.

A bakin motar 'yan sandan Waltraud ta waigo. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta ce masa gara ya sani tun yanzu, ba wannan ne zamanta na ƙarshe a kwalta ba. Na tsaya ina jiran ya sake buga wani teburin.

Ya sunkuya ya ɗauki matashin kujerarta da ta manta a titi, ya kakkaɓe shi ya rungume a ƙirji.

“Na sani,” ya ce. “In za ki sake, ki ba ni shi a hannuna in riƙe miki. Kar ki ƙara ajiye min a kan tebur.”