Rakiyar Baffa Sakiusa

Tun kafin Torika ta hango mutumin ta hango ƙunshin. Jirgin ruwan tsibirin Kadavu ya gama ɗaurewa a tashar birnin Suva, mutane na ta saukowa da buhunan gwaza da kwandunan kifi, sai ga wani dogon abu naɗe da tsohuwar jarida yana reto sama da kawunan jama'a. Saiwar yangona ce, irin wadda ake kai wa manya gaisuwa. Mai ɗauke da ita kuwa Baffa Sakiusa ne, yayan mahaifinsu, cikin zanensa na zuwa coci da tsohuwar kwat ɗinsa ta soja. Unaisi, ƙanwar Torika, na biye da shi da jaka, kai a ƙasa.

Torika ta ji kamar ta zauna a nan bakin ruwa ta yi ta ihu. Cewa ta yi a turo yarinyar ita kaɗai. Ta faɗa a waya, ta maimaita, har saƙo ta aika wa innarsu ta bakin matuƙin jirgi. Ita kaɗai!

Ta durƙusa ta gaida Baffa yadda ya kamata, ta tambayi mutanen gida da gonar rogo, sannan ta ja Unaisi gefe.

"Ke, me na ce miki?"

"Yaya, ni zan hana shi? Gari guda aka zauna a kan maganar. Suka ce ba a tura 'ya gaban manyan baƙi ba tare da baki ba."

Baffa Sakiusa shi ne bakin danginsu. Biki ne, makoki ne, sulhun gona ne, ba mai cewa uffan sai ya yi magana, kuma wallahi ya iya. Tsarin maganar kowa ya san shi: duk abin da ka kawo sai ka rena shi. In ka zo da alade kamar kwalekwale, ka ce ga ɗan ɓera nan, a yi haƙuri da talaucinku. Su kuma masu karɓa sai nasu bakin ya miƙe ya ƙaryata ka, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga dabba irin wannan ba. Kowa ya tashi da mutuncinsa.

Amma gobe ba biki za a yi ba. Gobe Unaisi za ta zauna gaban kwamitin wata gidauniyar Ostareliya mai ɗaukar nauyin ɗalibi guda daga lardinsu, kuɗin makaranta da masauki da abinci da jirgi. Yarinyar na son karatun injiniyan ruwa, kuma ita ta zo ta ɗaya a duk tsibirin. Ba ƙofar da Torika ba ta ƙwanƙwasa mata ba. Rancen gwamnati, an ce ba ya fita waje, ga shi karatun babu shi a gida. Asusun coci, ɗan fasto ya riga ya shige. Asusun lardi kuwa ta yi ta safa da marwa har masinja ya fara tambayarta lafiyar ƙafarta. Wannan gidauniya ce kaɗai ta rage. In ta kuɓuce, Unaisi za ta koma tsibiri ta yi ta kankare kwakwa.

Torika ta san ɗakin da za su shiga, domin shekarun baya ita ma ta zauna a irinsa, tana neman karatun likita, da Baffa a gefenta da ƙunshinsa, wani tafinta na juya maganarsa. Ba ta samu ba. Baffa ya koma gida ya ce ai Turawan dama suna da nasu ɗan takara, gari ya yarda, aka rufe maganar. Yanzu ƙusa da fenti take sayarwa a shagon kayan gini.

Da yamma a ɗakinta na haya, Baffa na waje yana hira da maƙwabta, ta zaunar da Unaisi.

"Kalle ni. A ido, ba a gwiwa ba. Ce: ni na zo ta ɗaya."

"An ce wai na ɗan yi ƙoƙari."

"Wa ya ce? Kifin teku? Ki ce ni!"

"Yaya, da nauyi fa."

"Buhun kwakwa ya fi shi nauyi. Kuma in suka tambaye ki abu, ki buɗe baki ki ce e. Kar ki ɗaga musu gira irin ta gida, ba su san ta ba, za su ɗauka wani abu ne ya shiga miki ido."

Unaisi ta ɗaga gira alamar ta ji. Torika ta dafe kai.

Dabara biyu ta tanada. Ta farko, masu gidauniya za su hana Baffa shiga, tunda takardar gayyata ta ce ɗalibi kaɗai. In wannan ta rushe, to ita za ta yi tafinta: Baffa ya yi ta rena yarinya da harshen gida, ita kuma ta juya wa Turawa shi yabo. Allah dai ya yafe mata.

Ta farko a bakin ƙofa ta mutu. Shugabar kwamitin, wata baturiya mai furfura da ake kira Madam Colley, tana ganin ƙunshin yangona fuskarta ta washe. Ta ce kafin su taso an koya musu cewa ba a mayar da wannan kyauta, don haka dattijo ya shigo, yayar ma ta shigo. Torika ta waiga neman ɗan ƙasa da aka ce yana cikin kwamitin, wanda ko da ido zai fahimtar da su. Aka ce ya tafi jana'iza ƙauye. Saura wani matashin bature, Mista Brennan, wanda ya fi kallon agogonsa a kan mutane.

Baffa ya ƙi kujera, ya naɗe ƙafa a ƙasa. Madam Colley ta sauko ita ma da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗora takarda a cinya. Baffa ya ajiye saiwar a tsakiya, ya dafa ta da hannu biyu, ya gyara murya. Torika ta matso.

"Baffa, bari in riƙa juya musu."

"Ki huta, 'yata. Da Turawa na yi aikin soja a Lebanon. Turancinsu a bakina yake."

Shi ke nan, ta biyu ma ta bi ta farko. Kuma abin haushin, da gaske Turancin nasa ya fita tas, ba inda mutum zai ce bai gane ba.

"Ranki ya daɗe," in ji Baffa, "abin kunya muka kawo muku yau. Yarinyar nan da kike gani ba ta san komai ba. Kanta kamar ɓawon kwakwar da aka gama kankarewa. Ga lalaci, sai rana ta take take tashi. Sakamakon da ke gabanki kuwa, tausayin malamai ne kawai, sun ga marainiya ce. Mu mutanen ƙaramin tsibiri ne, ba mu da abin nunawa. In akwai wanda ya fi ta, kuma kowa ma ya fi ta, to ku ba shi, ba za mu ji haushi ba."

Ya tafa hannu tafin girmamawa, ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi. Ya san ya yi magana mai kyau. Yana jiran a ƙaryata shi.

Ba abin da ake ji sai ƙarar biro a kan takarda. Madam Colley ta rubuta, ta juya shafi, ta ƙara rubutawa. Sannan ta ɗago da fuskar tausayi.

"Mun gode ƙwarai da gaskiyarka, dattijo. Ba kasafai dangi ke faɗa mana irin wannan ba." Ta juya wajen Unaisi. "Maganar malamai ta ɗan dame ni. Gaskiya ne an ƙara miki maki?"

Unaisi ta zura wa ƙasa ido. In ta ce a'a, ta ƙaryata yayan ubanta a gaban baƙi. In ta ce e, ta yanka kanta. Ta zaɓi abin da duk 'yar kirki ta tsibirinsu za ta zaɓa, ta yi shiru. Mista Brennan ya duba agogo.

Torika ta sunkuya kusa da Baffa. Tunda take ba ta taɓa sa baki Baffa na kan magana ba, ba ta ma taɓa ganin wanda ya sa ba. Amma shirun nan ta san shi, nata ne, a irin wannan wuri ta taɓa yin sa.

"Baffa," ta ce da harshen gida, "ka ga tana rubutawa."

"Ai yanzu za ta tashi ta mayar," ya amsa ƙasa-ƙasa, bai ko kalle ta ba.

"Ba za ta mayar ba. Su ba sa mayarwa. Ta yarda da kai ne. Dattijo kamarka, me zai sa ka yi ƙarya?"

Baffa ya ɗago a hankali. Ya kalli takardar, ya kalli baturiyar, ya sake kallon takardar. Murmushin ya ɓace.

"Madam, abin da na faɗa kika rubuta?"

"Kowace kalma," ta ce, har da alfahari.

"Kai! Wane irin mutane ne ku?" Muryar da ke cika filin gari ta cika ɗan ofishin, har masinja ya leƙo. "Mutum ya zo gidanku ya ƙasƙantar da kansa, ku kuma ku ce masa haka ne? A ina aka raine ku? Lalaci? Yarinyar da zakara ke samu a kan littafi? Da rijiyar garinmu ta koma gishiri, wa ya haɗa bututu daga rufin coci zuwa tanki, ya sa tacewa da yashi da gawayi? Ruwanta muke sha har yau! Malaman da kike cewa, su ke aiko mata lissafin da ya gagare su!"

Madam Colley ta riƙe biro a sama, ta rasa inda za ta sa shi.

"To dattijo, wanne ne gaskiya a ciki?"

"Duka biyun an faɗe su yadda ya kamata. Ke ce ba ki yi naki ba."

Mista Brennan ya yi gyaran murya, ya ce lokaci ya kusa ƙarewa, ga wasu na jira a waje, kuma a ƙa'ida abin da ɗaliba ta faɗa da bakinta kaɗai ake ba maki. Har yanzu kuwa ba su ji muryarta ba.

Baffa ya juya wajen Unaisi, ya yi mata magana da harshen gida.

"Ɗago kanki. Yau na ajiye bakin, ke za ki ɗauka. Ki faɗa musu yadda suke ji, ba kunya, ni na sa ki."

Ya miƙe, ya fita a sunkuye yadda ake ratsa manya. Torika ta bi shi, domin an ce ita ma ta ba su wuri. Kafin ƙofa ta rufu ta ji wata siririyar murya na cewa, "Ni na zo ta ɗaya. Ba wanda ya ƙara mini komai."

Washegari suna tashar jirgi aka bugo waya. Unaisi ta saurara, ta ɗaga gira, ta sake ɗagawa, sai da Torika ta mintsine ta sannan ta tuna ta ce e, ta gode. An ba ta. Ta fashe da kuka, ta ruga ta gaya wa matan garinsu da ke lodin kaya, nan take wurin ya kaure da shewa.

Baffa na zaune a kan wani buhun shinkafa. Tun jiya ko abincin kirki bai ci ba. Ya yafito Torika da hannu, ta zo ta durƙusa.

"Wancan karon," ya ce, yana kallon ruwa. "Naki. Baturen nan mai gemu. Shi ma na ga yana rubutu."

"Ya rubuta, Baffa."

"Da yawa?"

"Ya cika takarda."

"Ranar na fi jiya iya magana," ya ce a hankali. "Na tuna. Kuma duk shekarun nan ba ki faɗa mini ba."

"Wa ya taɓa gyara maka magana, Baffa?"

Ya shafa gwiwarsa, ya daɗe yana shafawa.

"To ki sake nema. Bana ma. Ni zan zauna a gida, ko tashar jirgi ba zan zo ba."

"Suna da iyakar shekaru," in ji Torika. "Bara na wuce."

Baffa Sakiusa ya buɗe baki. Mutumin da ya yi jawabin binne sarakuna, ya raba dangi biyu da suka zaro adduna, ya nemi kalma guda ya rasa. Ya rufe bakin. Torika ta ga idonsa ya kawo ruwa, abin ya ƙara mata haushi, domin ta so ta yi fushi da shi ko na yini ɗaya ne, ga shi ya hana ta.

Jirgi ya yi ƙaho. Ta miƙe ta ɗauki jakarsa.

"Tashi mu je, Baffa, kar a tafi a bar ka. Ni ma in na makara mai shago ba ya jin uzuri."