Matuƙin Jirgi a Misfala

A Misfala, wata unguwa a Makka, babu wanda ya san Dawuda da wata sana'a sai gyaran mota. A warshar Baba Tsoho yake aiki, inda ake kawo manyan motocin alhazai idan hanyar Jidda ta jigata su. Ba shi da yawan magana. In an tashi sai ya wanke hannu da kananzir, ya sayi burodi da ful, dafaffen waken Larabawa, ya nufi ɗakin da suke haya shi da mahaifiyarsa, Inna Sa'adatu.

Amma Dawuda matuƙin jirgin sama ne. A Sudan aka haife shi, kusa da Wad Madani, inda iyayensa suka yada zango a hanyarsu ta hajji daga Kano, zangon kuma ya zarce ya zama zama. Yana saurayi ya samu aiki a wani kamfani mai feshin maganin ƙwari a gonakin auduga, yana kula da injin ƙaramin jirginsu. Baturen da ke tuƙa jirgin ya yaba da hannunsa, ya riƙa tashi da shi, har ya koya masa tuƙi. Hukuma a Khartoum ta ba shi rukhsa, wato lasin tuƙa jirgi mai inji ɗaya. Shekarar da Sudan ta samu 'yancin kai mahaifinsa ya rasu, Inna ta ce ita kam sai an ƙarasa da ita tafiyar da suka faro. Ya kawo ta. Da aka gama hajji ta ce ba inda za ta, nan za a binne ta. Ba a daɗe ba ƙafafunta suka riƙe.

Sau ɗaya ya taɓa faɗa wa abokan aikinsa cewa ya iya tuƙa jirgi. Suka yi ta dariya, suka laƙaba masa suna Ɗayyar, wato matuƙin jirgi da Larabci. Bai sake tayar da maganar ba.

Ita rukhsa ba a ajiye ta a akwati ta zauna da rai. Dole lokaci zuwa lokaci mutum ya tashi da mai jarrabawa ya gwada hannunsa, ya sa masa hannu, in ba haka ba ta mutu. Ta Dawuda kuwa wa'adinta ya kusa cika, ga shi a garin da babu filin jirgi, ko ƙarar jirgin ma ba a ji. Sai wata rana wani direba ya ba da labari a warsha cewa masu yaƙi da fara sun sauka a Jidda da ƙaramin jirgi, matuƙinsu wani Bamisire ne, Kyaftin Mukhtaru. Dawuda ya san sunan tun a Sudan, ya kuma san Khartoum na karɓar sa hannunsa.

Da yamma yana shafa wa Inna man zafi a gwiwa ya ce, "Inna, ina so in je Jidda. Kwana ɗaya ko biyu."

"Me ka ajiye a Jidda, Auta?"

"Takardata ta jirgi ce za ta mutu."

Ta ce, "In ka raya ta, tafiya za ka yi?"

"Ba inda zan je, Inna."

"To me za ka yi da ita?"

Ya ci gaba da shafa man. Can ta ce ya je, Allah ya tsare, amma ya roƙi maƙwabciyarsu Ummulkhairi ta riƙa leƙo ta.

A Jidda mai gadin filin jirgin ya hana shi shiga. Ya wuni a gindin wayar shinge, rana na dukansa, yana kallon jiragen da ke sauka da tashi. Ya kwana a masallaci. Washegari da hantsi ya hango wani mutum mai furfura da tabarau ya fito daga wata motar jif, ya tare shi da sallama, ya miƙa masa rukhsar.

Kyaftin Mukhtaru ne kuwa. Ya duba takardar, ya dubi baƙin man da ya zauna a faratan Dawuda. Cikin Larabci ya ce, "Yaushe rabonka da tashi?"

"Tun kafin in zo hajji, ya Kyaftin."

"An jima ke nan. Ni ba na sa hannu don tausayi. In ka kasa, ka kasa."

"Na yarda."

Jirgin irin wanda ya koya da shi ne, kujera biyu, fukafukai a sama. Dawuda ya zaga shi yana taɓa ko'ina, ya leƙa mai, ya girgiza tayoyi. Ya zauna ya kama sandar tuƙi. Farfela ta juya, ya ba shi wuta, jirgin ya sheƙa bisa titi yana ɗan karkata hagu. Ya danna ƙafa ya daidaita shi. Sai ƙasa ta sake su.

Teku ta buɗe a gabansa, shuɗiya, ga kwale-kwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Kyaftin bai ba shi sararin kallo ba. Ya sa shi ya juya dama, ya juya hagu, ya rage gudu har jirgin ya yi ta karkarwa ya sunkuyar da hanci, ya ɗago shi. Ba zato ya miƙa hannu ya janye wutar gaba ɗaya.

"Injinka ya mutu. Ina za ka sauka?"

Dawuda ya duba ƙasa, ya nuna wani fako shimfiɗaɗɗe a bakin teku, ya karkata ya nufe shi. Sai da suka kusa taɓa ƙasa Kyaftin ya mayar da wutar. Da suke hawa kuma, Dawuda ya hango duwatsu can gabas, baƙaƙe cikin ƙura. A bayansu Inna take, kwance a kan tabarmarta.

Saukar farko ba ta yi kyau ba. Jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya sake duka. Kyaftin ya ce, "Tashi, sake." Ta biyu ta fi, ta uku kuwa tayoyin suka taɓa ƙasa a hankali.

A inuwar fuffuke Kyaftin ya sa hannu, ya buga hatimi. Sannan ya ce, "Hannunka ya yi tsatsa, amma yana nan. Bayan wata guda za mu wuce Asmara, ina neman matuƙi na biyu wanda ya san inji. Za ka zo?"

Dawuda ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata na Makka, ya Kyaftin. Ba ta iya tashi."

"Ba ka da 'yan'uwa?"

"Suna Sudan, kowa da iyalinsa."

Kyaftin ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa masa takardar. "Allah ya ba ta lafiya."

A bayan motar kaya Dawuda ya dawo, cikin buhunan shinkafa da mutanen da bai sani ba. Yana so ya ce wa wani, yau na tashi. Ya dubi na kusa da shi, ya ga barci yake yi.

Ya isa Misfala bayan la'asar. Ummulkhairi ta ce tun jiya Inna ba ta ci wani abin kirki ba, da ta ji motsi sai ta tambaya ko shi ne. Ya shiga ya durƙusa gabanta.

"Ka samu, Auta?"

"Na samu, Inna."

"Madalla. Ɗaga ni ka jingina ni, bayana ya gaji."

Inna ta yi shekaru bayan haka. Masu yaƙi da fara ba su sake dawowa da ƙaramin jirgi ba, ko kuma sun dawo bai ji ba, da wa'adi ya sake zagayowa rukhsar ta mutu. Ranar da aka kai Inna makwancinta, Baba Tsoho ya tambaye shi a hanyar dawowa ko yanzu zai koma Sudan.

"Bari dai a gama hajjin bana, Baba," in ji Dawuda.

Aka gama hajjin, motoci suka cika warsha da karyayyun sifirin da ƙonannun kuloci. Dawuda ya ce sai an rage su. Shekarar da ta biyo baya Baba Tsoho ya daina fitowa saboda ciwon ido, ya bar masa makullin warshar.