Ranar da Manu Ya Taɓa Ƙasa

Kada ka ce ba ka gani ba. Takardar tana manne a bangon rumfar kwamitin dambe, kusa da tashar Bagudo, kuma kullum ta gabanta kake wucewa. Ka karanta sunayen manyan 'yan damben nan goma, ka yi murmushi, ka kau da kai. Bunyaminu ɗan Geza ne bai iya kau da kai ba, domin shi ne na bakwai.

Bana kaɗai ya kayar da maza shida, daga Bahindi har Kende, amma duk na ƙasa da shi ne, don na samansa ba sa shiga fage. Dokar kwamiti kuwa tsohuwa ce: ɗan dambe ba ya sauka daga matsayinsa sai hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa a cikin fage. Manu na Kende, wanda yake na ɗaya, ya fahimci dokar nan fiye da waɗanda suka kafa ta. Shekara tara rabonsa da naɗa hannu. Takin zamani yake sayarwa yanzu, tumbinsa kan riga shi shiga shago. Na biyu, Malami, yana Legas yana acaɓa. Na uku ya dawo daga Makka ya ce ya tuba. Sauran ukun, ko mai kalangu ya manta kirarinsu.

Ana gama girbi sai ga saƙo daga wani gari a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin. Suna da wani ƙaton ɗan dambe, Badende a ƙabila, da suke kira Katafila, suna son Bagudo ta turo na ɗayanta ranar Asabar ta sama. Bunyaminu ya taɓa ganin Katafila, ya lura cewa in ya kai duka yakan saki haƙarƙarinsa a buɗe. Tun ranar yake mafarkin haƙarƙarin nan. Ya tafi wurin shugaban kwamiti, Alhaji Ma'azu, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, a tura ni."

"Na nawa kake?"

"Na bakwai."

"To mi kake so mu ce ma mutanen Benin? Bagudo ta rasa maza shida? Manu za shi."

Kwana biyu bayan haka, Bunyaminu yana sussukar gero a gona, sai ga Manu a kan babur, yana zufa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar lafiyar jaki.

"Ɗana," in ji shi daga ƙarshe, "an nuna mini Katafilan nan cikin waya. Wannan ba mutum ba ne, rumbu ne aka sa ma ƙafafu. Ni kuwa ga matan aure biyu, ga ciwon baya."

"To Kawu, ka ce ka fasa mana."

"Na ɗaya shi ce ya fasa? Ina zan sa kaina a Kende? Dabara ɗaya ce. Ka ƙalubalance ni ranar kasuwa. Ka taɓa ni, in faɗi, kai ka tai Benin, ni in koma shagona. Amma don Allah nan, ga kafaɗa. Haƙoran gaban nan ba nawa ba ne, Birnin Kebbi aka sa mini su."

Bunyaminu bai so ba. Shekara uku yana son haɗuwa da Manu, ba irin wannan haɗuwar ba. Amma ya tuna haƙarƙarin Katafila, ya ce to.

Ranar kasuwa fage ya cika har kan bishiyoyi. Masu kalangu suka tono tsohon kirarin Manu suka karkaɗe shi. Manu ya fito yana taku, layu sun nutse cikin damtsensa, mata suna guɗa. Aka ja daga. Bunyaminu ya auna kafaɗa, ya ja hannu baya a hankali, kamar mai shirin kora ƙuda daga fuskar jariri. Manu ya ga dunƙulen ya taso, bai tsaya jiran isowarsa ba. Ya zube a ƙasa tim, ya rufe ido, ya kare bakinsa da hannu.

Wani Bafulatani daga bayan taro ya ce, "Kai! Iskar hannun ma kisa take yi!" Sai ihu ya ɓarke, aka ɗaga Bunyaminu sama.

Washegari kwamiti ya zauna. Alhaji Ma'azu ya gyara tabarau, ya ce Manu ya taɓa ƙasa, kowa shaida ne, don haka ya koma na goma. Sauran kuma kowa ya matsa gaba taki ɗaya, kamar yadda aka gada.

"Barka, Bunyaminu," in ji shi. "Ka zama na shida."

"Ranka shi daɗe, ni fa na kayar da shi!"

"Ka kayar da na ɗaya. Ka kayar da na biyu? Kai yaro, komi da tsari."

Aka buga wa Malami waya a Legas, aka yi masa albishir cewa shi ne gwarzon Bagudo. Ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce ya gode ƙwarai, amma yana ɗauke da fasinja. Na Makka ya ce a'uzu billahi. Kafin a gano lambar na gaba, Asabar ta zo ta wuce. Katafila ya zaga fagensu shi kaɗai, mutanen Benin suka aiko suna tambaya ko lafiya, ko rasuwa aka yi a Bagudo.

Sun ce za su sake gayyata bayan Sallah, sau ɗaya tak. Bunyaminu yana nan yana dukan buhun yashi a Geza, da maza biyar a gabansa waɗanda ba za su taɓa faɗuwa ba.

Kwamiti zai sake zama ranar Laraba da hantsi, kuma ba a hana kowa shiga. Ka je. Kada ka tsaya a baya kana dariya. Ka ɗaga hannu ka ce duk wanda ya shekara bai shiga fage ba a goge sunansa, kuma kada ka tashi sai an kawo alƙalami.