Motar da Malam Mika'ilu Ya Bari

Malam Mika'ilu ma'aikacin ofishin rajista ne a Kongo da ke Zariya, mutum marar yawan magana. A shekarar 1989 ya sayi mota ruwan toka mai shan gas, irin wadda ake kira mai turbo. Ƙofar gidansu a Unguwar Juma ba ta ɗaukar mota, don haka a gindin durumin bakin zaure yake ajiye ta, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin matarsa, Malama Sakinatu.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta daɗe tana ci mata rai. In ya dawo daga aiki ba ya kashe mota ya shigo. Sai ya zauna a ciki, hannu bisa sitiyari, injin na ta gurnani a hankali, minti biyu ko uku. Ita kuwa ta gama jera abinci, tana jin sa ta taga. Ba ta taɓa tambayarsa ba. A ranta ta yanke cewa bayan shekara goma sha takwas da aure, mutumin nan sai ya tattaro haƙuri kafin ya iya tako gidansa.

Da farkon daminar 1994 ya kwanta ciwo na kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Wata huɗu da kwana goma tana takaba, motar na hannun ƙaninsa Bala, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna a kan takardun marigayin. Da ta fita takaba ta koma koyarwa a makarantar 'yan mata da ke Gyallesu, sai ta karɓi makulli, don dama Malam ya koya mata tuƙi. Ranar farko ta ga abin da bai yi mata daɗi ba. Tana taka totur sai hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanta, ga wani fito siriri daga cikin injin, ga motar ba ƙarfi, har masu keke suna wuce ta a Ƙofar Doka.

"Yaya, a sayar da ita kawai," in ji Bala. "Irin waɗannan ba su son ƙasarmu."

Ranar Asabar da hantsi ta lallaɓa da motar har Tudun Jukun, garejin Bahago, bakaniken da marigayin ba ya kai motarsa wurin kowa sai shi. Dattijo ne mai furfura, ya taɓa aiki a wani kamfanin haɗa motoci kafin a rage ma'aikata. Ya yi mata ta'aziyya, ya kawo mata benci a inuwa, sannan ya buɗe bonet. Ya zaro sandar duba mai, ya murza abin da ya maƙale a jikinta tsakanin yatsunsa, ya sunsuna.

"Malama, yaushe rabonta da juyen mai?"

"Tun Malam na da rai, ina jin. Bala ya ce yana ƙara mata mai in ya ragu."

"Na bakin hanya, wanda ake aunawa a kwalba." Ba tambaya ya yi ba. Ya goge hannu, ya nuna mata wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi a gefen injin. "Wannan shi ne turbo. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya farfelar da ke cikinsa, ita kuma ta tura iska cikin injin, shi ya sa motar take da ƙarfi. Gudun da take yi ido ba ya iya gani, zafinta kuwa in kin dawo daga doguwar tafiya har ja take yi. Kuma ba a kan komai take juyawa ba sai a kan baƙin mai. In man ya tsufa, ko gauraye ne, sai ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe 'yar hanyar da yake bi."

"To wane iri ya kamata?"

"Na galan, wanda ke rufe da hatiminsa, ki buɗe da hannunki. Mai lamba sha biyar da arba'in, kuma a jikinsa an rubuta na injin gas ne. Duk kilomita dubu biyar a juye, a canza filta tare, kada a ce miki ta jiya tana da kyau. Da safe in kin tayar, ki ba ta minti ɗaya kafin ki taka, man ya zagaya. Babbar magana kuma, in kin iso inda za ki, kada ki kashe nan take. Ki bar ta a silo, injin na aiki a hankali, minti biyu zuwa uku. Da kin murɗa makulli mai ya tsaya, ita kuwa farfela tana nan da zafinta, sai ta soya ɗan man da ya rage."

Sakinatu ta ɗago ta dube shi. "Minti uku?"

"Haka na gaya wa marigayi ranar da ya fara kawo ta. Cikin duk waɗanda na gaya wa, shi kaɗai ya riƙe. Har yakan ce mini, 'Bahago, ka haɗa ni da aiki. Ina jin ƙamshin miyar gidana daga cikin mota, ga yunwa, amma sai na zauna ina kallon agogo.'" Ya yi 'yar dariya, ya sunkuya ya ci gaba da kwance noti.

Ta koma kan bencin ta zauna. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, tana kallon wata akuya da ke cin ɓawon rogo a bakin garejin. Shekara biyar tana riƙe da wannan abu a ranta, har akwai ranakun da ta ajiye masa abinci ba tare da ta ce sannu da zuwa ba. Ta yi masa addu'a a ɓoye, ta nemi gafarar Allah don kanta. Bahago bai ɗago ba, ya bar ta har ta gama.

Kwana uku motar ta yi a wurinsa. Ya wanke bututun mai, ya canza abin da ya cinye a cikin turbo, ya yi juye sau biyu don dattin ya fita. Ranar da ta zo ɗauka ya sa ta zaro sandar da kanta, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa ta karanta, har sau uku, sai da ya tabbata ta iya.

Da Bala ya ji abin da ya faru ya zo da kansa, yana sunkuyar da kai. Ta ce masa ba laifinsa ba ne, abin da ba a gaya wa mutum ba ba zai sani ba, kuma wahalar da ya sha a hanyar Kaduna ba za ta manta ba.

Bayan sati biyu aka yi haihuwa a danginsu na Giwa. Iya, mahaifiyar marigayin, wadda tun rasuwar ba ta ko kallon inda motar take, ta aiko cewa in Sakinatu za ta je suna, a tafi da ita. Suka fita da sassafe, tsohuwar a gaba, ta rungume ƙwaryar fura a cinya. Har suka wuce Samaru tana jan carbi. Da suka shiga tsakanin gonaki, dawa ta yi kai ta ko'ina, sai ta gyara zama ta ce, "Ke, ɗan ƙara wuta mana. Kada mu tarar an raɗa suna."

Sakinatu ta sa giya ta gaba, ta taka.