Mai Share Tagwaye

Koren layin da ke tsakiyar allon kwamfutar ya cika, hoton wata 'yar tsintsiya ya yi rawa, sannan rubutu ya fito cewa an gama shara. Baban Auta ya jingina da kujera yana murmushi, kamar wanda ya share tsakar gida da hannunsa.

Ma'ajin kaya ne a wani kantin magani, amma a gida Injiniya ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan, saboda jarabarsa ta sauke ƙananan manhajoji daga intanet. Ba na manyan kamfanoni yake so ba, sai irin waɗanda wani bawan Allah ke haɗawa a ɗakinsa don sha'awa, ya ɗora a shafinsa kyauta. Yana da agogo mai siffar kyanwa a kusurwar allo, da mai tuna masa shan ruwa, da mai naɗar murya wanda ya yini yana gwadawa bai sake waiwayarsa ba. Tsohuwar kwamfutar gidan ta cika, har sai ta yi nishi kafin ta tashi.

Wannan sabuwar, aikinta ta nemo tagwayen fayil, ta bar ɗaya ta share saura. Wanda ya haɗa ta ya rubuta dogon bayani a gaban shafin, amma Baban Auta bai taɓa karanta irin wannan ba. Ya yi ta danna maɓallin ci gaba har ta zauna, ya sake ta ta yi aikinta.

Da rana Maman Auta ta dawo daga asibitin da take aikin ungozoma. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin kujera tana matsa ƙafa.

"Yayana zai zo ranar Asabar," ta ce. "Mun yi magana. Ina jin yanzu zan iya sauraron Inna. Ka kwafa masa muryar tata kafin ya zo."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji shi.

Inna, mahaifiyarta, a ɗakin bayansu ta yi shekararta ta ƙarshe. Kullum Maman Auta ta taso daga aiki, sai ta ajiye waya kusa da matashin tsohuwar ta bar ta ta yi ta zuba: labarin ƙuruciyarta, waƙoƙin reno, dangin da suka watse, ɗan fari da ta binne. In wayar ta cika, sai a juye a kwamfuta a sabuwar folda, a share wayar a soma daga farko. Tun da Inna ta rasu ba ta buɗe ko ɗaya ba. Wayar ma tuni ta faɗa bokitin wanki ta mutu.

Da ta shiga wanka, ya buɗe foldar farko. Wayam. Ya buɗe ta biyu, ita ma haka.  Ya rubuta "Murya" a wurin bincike, sai ga fayiloli sun jeru, ya sauke ajiyar zuciya ya danna na farko.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na?"

Muryarsa ce. Na biyu ma shi ne, yana hura iska a makirufo. Na uku yana dariya shi kaɗai.

Sai a lokacin ya koma ya karanta bayanin da ya tsallake. Manhajar da suna take gane tagwaye, in ba a ce mata ta duba abin da ke ciki ba. Cikin masu suna ɗaya, sabon take bari, kuma abin da ta share ba ya bi ta kwandon shara, balle a dawo da shi. Wayar matarsa Murya 1, Murya 2 take sa wa duk abin da ta naɗa. Mai naɗar muryarsa ma haka.

Bai faɗa mata ba. Ya ci abinci bai san ɗanɗanonsa ba. Washegari ya ce kansa na ciwo, ya ƙi zuwa aiki, tana fita ya zauna gaban kwamfutar. Ya sauke wata manhaja mai dawo da abin da aka share, ta ƙi. Ya sauke wata, ta kawo masa tsofaffin hotuna rabi a yage. Ya sauke wata kuma, da wata. Duk wadda ya saka sai ya ga kamar ita ce mai ceton, yana kallon layin yana cika, yana addu'a a ransa.

Da abin ya gagara, ya naɗe kwamfutar a tsohon bargo ya kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa. Shagon ƙunci ne, cike da gawarwakin na'urori da warin dalma. Mai gyaran ya saurare shi yana sosa gemu da bakin sukudireba.

"Bayan sharar, ka saka wani abu?"

"'Yan manhajoji ne masu dawo da abin da aka share."

Mai gyaran ya girgiza kai, ba da faɗa ba. "Abin da aka share yana nan kwance har sai an ɗora wani a kansa. Da ka kashe ta ka kawo, da da sauƙi. Yanzu ka yi gini a kan wurin."

Garin neman gira an rasa ido, Baban Auta ya faɗa a ransa. Ya zauna a kan wani benci yana kallon ƙafafun masu wucewa har rana ta karkata. Daga ƙarshe mai gyaran ya miƙo masa abin sauraro.

"Guntu ɗaya ne ya fito da rai. Sauran hayaniya ce." Ya dube shi, ya rage murya. "Ka ce mata ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga. Kowa haka yake cewa, a zauna lafiya."

Duk hanya yana juya maganar. Har ya shirya yadda zai faɗe ta, da irin fuskar da zai yi. Ya tarar da ita a falo tana ninke kayan makarantar Auta. Ta dubi bargon da ke hannunsa, ta dube shi.

"Injiniya, me ya samu jakin naka?"

Ya ajiye kwamfutar a kan tebur. Ƙaryar tana bakinsa, amma sai ya ga ta ja kujerar Inna kusa da tebur, ta goge ta, ta ɗora mata matashi saboda zuwan Yaya.

"Maman Auta, na share muryar Inna," ya ce. "Ni na yi, da hannuna."

Ya faɗa mata duka, har da gwajinsa da ya tsira. Ba ta katse shi ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta daidaita kwalarta, ta ɗora a kan saura. Da ta zage shi, da ya fi samun sauƙi.

"Babu ko ɗaya?"

"Akwai guntu."

"Kunna."

Ya haɗa wayoyin ya kunna. Aka ji ƙarar fanka, sannan muryar tsohuwar ta fito tsakiyar zance, a dushe, da dariya a cikinta.

"...shi ne na ce masa ni fa ba zan hau ba, ko za a yanka ni. Sai ya dube ni ya ce..." Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce, "Ke, wannan abin naki yana ɗauka kuwa?"

"Yana ɗauka, Inna. Ci gaba." Muryar Maman Auta ce, cike da barci.

Nan ya yanke.

Ta daɗe tana kallon allon. Kyanwar agogon tana kaɗa jela a kusurwa.

"Me ta ƙi hawa?" ta tambaya.

"Ban sani ba. Na zaci ke kin sani."

"A gajiye nake dawowa. Tana magana ina gyangyaɗi." Ta shafa fuskarta da tafin hannu. "Cewa nake ai yana ɗauka, zan saurara daga baya."



"Nuna min inda ake dannawa," ta ce. Ya nuna mata. "To, ba ni wuri."

Ya fita ya ja ƙofar, ya tsaya a baranda kusa da igiyar shanya. Ta cikin ƙofar yana jin tsohuwar tana rantsuwa ba za ta hau ba, ta yi tari, ta yi shiru, ta sake somawa.